Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni abin da ya kayar da sarautar Faransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ina fata kana lafiya, kai da iyayenka da malamanka. Ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace ni mu tattauna tarihi, ka bugo waya ana saura 'yan mintoci a rufe. Ka ce daga Maraɗi kake, kana shirin jarrabawar fita sakandare, kuma ana karantar da ku juyin juya halin Faransa na 1789. Wani malami ya ce muku yunwa ce ta kayar da sarki, wani kuma ya ce littattafan masu falsafa ne, shi ne kake so in faɗa maka wanne ne gaskiya. Ka kuma ƙara wata magana da ta fi tambayar kanta nauyi, ka ce in dai yunwa ce, ai talakan Faransa ya daɗe yana kwana da ita, me ya hana shi tashi tun tuni? Na buɗe baki ke nan mai gabatarwa ya nuna mini agogo, na ce maka duka biyun ne, aka rufe shiri.

Tun ranar amsar nan take damuna, domin ta bar babban dalilin a waje. Tunda a bainar jama'a ka yi tambaya, ga amsa a bainar jama'a.

Abin da ya fara karya sarautar Faransa bashi ne, tare da gazawar sarki wajen sa manyan ƙasarsa su biya haraji. Yunwa ta zo, ta cika tituna da mutane. Littattafai sun ba mutanen kalmomin da za su faɗi abin da ke ransu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bango daga sama ya fara tsagewa, daga cikin fada da baitulmali, shekara biyu kafin wani talaka ya ɗauki bindiga ya nufi kurkukun Bastille.

Gaskiyarka ce kan batun yunwa. A 1693 da 1694, zamanin Sarki Luwi na 14, yunwa da cututtukan da ke biyo ta sun kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a Faransa. A 1709 aka yi wani sanyi da ya kashe shuka tun tana ƙasa, mutane suka sake mutuwa birjik. Sarauta ko gezau. A 1775 ma, shekara guda da hawan Luwi na 16, tsadar alkama ta sa jama'a sun far wa kasuwanni da rumbuna a garuruwan da ke kewaye da Paris. Abin lura shi ne, da yawa cikinsu ba wawashewa suka yi ba. Sukan ƙwace buhunan, su sayar a kan farashin da suke ganin shi ne adalci, su miƙa wa mai kaya kuɗin. A zuciyarsu sarki uba ne, miyagun 'yan kasuwa masu ɓoye hatsi ne ke cutar su, da sarki ya sani da ya hana. Aka turo sojoji, aka rataye mutum biyu a Paris, ƙura ta lafa. Mai jin yunwa yakan fasa rumbu, amma da wuya ya ce a sake tsarin mulkin ƙasa, sai in wani abu ya riga ya girgiza kujerar.

To, wace irin kujera ce? A baki, sarkin Faransa wuƙa da nama na hannunsa. Yana cewa Allah ne ya naɗa shi, kuma Allah kaɗai zai tambaye shi. Shi ke yin doka, shi ke ɗaura yaƙi, yana iya sa hannu a takarda guda a kulle mutum ba tare da shari'a ba. Majalisar wakilan ƙasa rabonta da zama tun 1614. Luwi na 14 ya gina ƙasaitacciyar fada a Versailles, ya koma can a 1682, ya tattaro manyan masu sarautar gado ya mai da su fadawa, masu rububin wanda zai miƙa masa riga da safe. Duk wanda ya hango wannan daga nesa zai ce babu sarkin da ya kai shi iko.

Sai dai ikon nan saye aka yi, kuma da tsada. Sarakunan Faransa sun samu biyayyar manya ne ta hanyar bar musu gata, kuma mafi girman gatan shi ne kada a taɓa aljihunsu. An kasa mutanen ƙasa, kimanin miliyan 28, gida uku. Gida na farko malaman coci, ba su kai ko ɗaya cikin ɗari ba, amma coci na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar noma, tana karɓar rabo daga amfanin gonar kowane manomi, kuma ba ta biyan haraji sai abin da ita da kanta ta yanke ta ba sarki da sunan kyauta. Gida na biyu masu sarautar gado, su ma 'yan tsiraru, suna da kusan rubu'in ƙasar noma. Gida na uku shi ne kowa da kowa: manomi, maƙeri, masaƙi, ɗan dako, lauya, likita, har attajirin da ke da jiragen ruwa a Bordeaux. Kada in yi musu ƙage, masu sarautar gado suna biyan wasu haraji, kamar kuɗin kai da aka ƙirƙiro a 1695, da kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin shiga da aka kawo a 1749. Amma babban harajin ƙasa, wanda suke kira taille, bai hau kansu ba, sauran kuwa mai uwa a gindin murhu yakan yi ciniki a rage masa.

Ina so ka tsaya ka dubi manomin nan da kyau, domin shi ne kusan mutum takwas cikin kowane goma. Ya yi girbi, coci ta ɗebi nata tun dami na gona. Ubangidan ƙauye, mai sarautar da ƙasar ke ƙarƙashinsa, ya karɓi nasa, ko kuɗi ko hatsi. In zai yi niƙa, a wurare da yawa dole a injin ubangida, ya biya. In zai gasa burodi, dole a tandun ubangida, ya biya. Tantabarun ubangida su sauka su cinye irin da ya shuka, zomaye da barewa su yi masa ɓarna, ba shi da ikon kashe ko ɗaya, domin farauta ta masu sarauta ce. Ana tsakiyar aiki a zo a kwashe shi gyaran hanyar sarki, kwana da kwanaki, ba ko sisi. Sannan ga harajin gishiri, wanda babu abin da talaka ya tsana kamarsa. A wasu larduna doka ta tilasta wa kowane gida sayen wani ƙayyadadden mudu na gishiri a shekara a farashin gwamnati, alhali a lardin Bretagne da ke maƙwabtaka babu harajin sam, gishiri arha kamar ƙasa. Wanda aka kama da fasa-ƙwaurinsa yana iya ƙarewa a ɗaure yana tuƙa jiragen sarki. Kuma ba ma'aikatan sarki ke karɓar irin waɗannan haraji ba. 'Yan kwangila ne, su ba sarki kuɗi a dunƙule, su kuma su tatsi jama'a su fanshe har da riba. Daga 1784 suka fara kewaye Paris da ganuwa, ba don tsaron abokan gaba ba, don kada ko buhu ɗaya ya shiga birni bai biya kuɗin ƙofa ba.

Wannan shi ne zaluncin da ka karanta a littafin makaranta, kuma gaskiya ne. Amma ka juya ka dube shi ta wajen ma'ajin sarki, za ka ga wani abu dabam. Wanda ake tatsa ya riga ya bushe, wanda ke da ruwa kuma doka ta kare shi. Faransa ƙasa ce mai arziki, gwamnatinta ce matalauciya. In kuɗi ya yanke, sarki yakan sayar da muƙamai: alƙalanci, aikin kotu, aikin kuɗi, dubun dubatarsu. Wanda ya saya ya mallaka, ya gadar wa ɗansa, wasu muƙaman ma sukan shigar da mai su gidan masu sarauta, ya fita daga sahun masu biyan haraji. Wato kowane kuɗin da sarki ya karɓa yau ya rage masa na gobe. Abin da ya fi muni, alƙalan manyan kotuna goma sha uku, waɗanda ake kira parlement, su ma sayen kujerunsu suka yi, sarki ba ya iya korarsu cikin sauƙi, kuma sabuwar doka ba ta aiki sai sun shigar da ita a kundinsu. Kada sunan ya ruɗe ka, ba majalisar zaɓaɓɓu ba ce, kotuna ne na masu gata. Luwi na 15 ya karya su a 1771. Jikansa Luwi na 16, da ya hau yana ɗan shekara 19, ya dawo da su a 1774 don yana son mutane su so shi. A ganina wannan na cikin manyan kurakuran da suka ci shi.

Yaƙi ne ya kai tura bango. Faransa ta gwabza da Ingila daga 1756 zuwa 1763, ta sha kaye, ta rasa Kanada da mafi yawan abin da take riƙe da shi a Indiya. Da Amurkawa suka yi wa sarkin Ingila tawaye, sai Faransa ta ga damar ramuwa, ta shiga yaƙin a 1778 da jiragen ruwa da sojoji da kuɗi. An ci nasara, Amurka ta samu 'yanci a 1783, amma an kashe fiye da livre biliyan ɗaya, wato kuɗinsu na wancan zamani. Mai riƙe da baitulmali a lokacin, Necker, ɗan banki daga Geneva, bai ƙara haraji ba, rance ya yi ta ci da ruwa mai yawa. A 1781 ya buga lissafin kuɗin ƙasa don kowa ya karanta, abin da ba a taɓa yi ba, ya nuna wai akwai rarar kusan miliyan 10, alhali ya ware kuɗin yaƙi gefe bai sa a ciki ba. Mutane suka yi ta saye suna yaba masa. Daga baya duk ministan da ya zo ya ce asusu ba komai, sai a ce ƙarya ne, ai Necker ya bar rara, ku ne kuka cinye.

Ka lura, Ingila ma bashi ya yi mata katutu, amma ba ta faɗi ba. Can majalisa ce ke amincewa da haraji, masu ba da rance sun san ƙasa ce ta ɗauki alkawari, saboda haka suna ba da kuɗi da ruwa kaɗan. A Faransa mutum ɗaya ne ya ɗauki alkawari, kuma kakanninsa sun sha karyawa. Wa zai ba irin wannan rance da sauƙi? Ikon da ba mai taka masa birki shi ne ya sa ba mai yarda da shi. Zuwa 1788, kusan rabin duk abin da gwamnati ke kashewa biyan bashi ne da ruwansa. Fada da duk almubazzarancinta, wanda ake ta yamaɗiɗi da shi, kimanin kashi 6 cikin ɗari ne. Ko da Sarauniya Marie Antoinette ta koma sa tsumma, ramin ba zai cike ba.

A watan Agusta na 1786 ministan kuɗi Calonne ya shiga wurin sarki ya faɗa masa gaskiya: giɓin shekara ya haura miliyan 100, rance ya fara ƙin samuwa, babu mafita sai sabon haraji a kan ƙasa wanda zai hau kan kowa, har coci, har masu sarauta. Ya san kotuna za su ƙi, sai ya ba da shawara a kira taron manya, mutum 144 da sarki ya zaɓa da hannunsa: 'ya'yan gidan sarauta, bishop-bishop, manyan alƙalai, masu sarauta. Suka zauna a Fabrairun 1787. An zaci za su gyaɗa kai. Sai suka ce a kawo littattafan lissafi su gani. Wasunsu don kare aljihu suka ƙi, wasu kuma da gaske suke cewa ba za su ba gwamnatin da ba ta ba da bahasi ƙarin kuɗi ba. Lafayette, wanda ya yi yaƙi a Amurka ya dawo, ya miƙe ya ce a kira majalisar ƙasa. Sarki ya sallami Calonne a Afrilu, ya ɗauko Brienne, babban limamin cocin Toulouse, wanda yana cikin masu sukar Calonne. Da ya buɗe littattafan sai ya dawo da kusan shawarar da ya soka.

Daga nan rigima ta koma kotun Paris. Ta ce sabon haraji na dindindin sai majalisar wakilan ƙasa. Sarki ya kori alƙalan zuwa Troyes, ya sake dawo da su. A zaman 19 ga Nuwamba 1787, da ɗan'uwansa na gidan Orléans ya ce abin da ake yi ya saɓa doka, sarki ya amsa cewa doka ce tunda shi yake so. Da Luwi na 14 ne ya faɗi haka da kowa ya sunkuyar da kai. A bakin mai neman rance kuwa maganar ba ta da nauyi. A Mayun 1788 ya yi yunƙurin rage wa kotunan iko, larduna suka ɗau zafi. A Grenoble, ranar 7 ga Yuni, jama'a suka hau rufin gidaje suna ɓamɓaro tubalan rufi suna jifan sojoji, don kare alƙalansu. A ranar 8 ga Agusta sarki ya sallama, ya ce majalisar wakilai za ta zauna a Mayun 1789. Bayan kwana takwas baitulmali ya dakatar da biyan wani ɓangare na basussukansa da tsabar kuɗi. Brienne ya sauka, aka dawo da Necker.

Ɗana, tsaya nan ka ƙirga. Har zuwa wannan rana, su wa suka durƙusar da sarki? Bishop-bishop, alƙalai, 'ya'yan sarauta. Mulkin sarki mai cikakken iko a watan Agustan 1788 ya mutu, domin sarkin da ya amsa cewa ba zai iya karɓar haraji ba sai da yardar wakilai, ya riga ya sauka daga inda kakanninsa suka tsaya. Abin da ya rage shi ne wa zai gaji ikon. Manyan sun ɗauka su ne.

Nan suka yi tuntuɓe. A Satumban 1788 kotun Paris ta ce a yi zaman majalisa yadda aka yi a 1614, wanda aka fahimta da cewa kowane gida ƙuri'a ɗaya. Coci ɗaya, masu sarauta ɗaya, sauran mutum fiye da casa'in da biyar cikin ɗari su ma ɗaya. Kullum biyu ta kayar da ɗaya ke nan. Cikin 'yan kwanaki alƙalan da ake yi wa kirari suka zama abin tofin Allah tsine. Faɗan da ake yi tsakanin sarki da manya ya rikiɗe ya zama tsakanin masu gata da marasa gata.

A nan ne malaminka na biyu yake da gaskiyarsa. Shekara arba'in kafin haka, Montesquieu ya yi rubutu a kan raba iko don kada ya taru a hannu ɗaya. Voltaire ya ƙare rayuwarsa yana fallasa zaluncin kotuna da na coci. Rousseau a 1762 ya ce jama'a ne asalin iko. Voltaire da Rousseau duk sun mutu a 1778, ba su ga komai ba, kuma mafi yawan masu falsafar ba su taɓa kira a tuɓe sarki ba, sarki mai hankali suke nema. Manomin ƙauye bai karanta su ba. Amma lauyan gari ya karanta, limamin ƙaramar coci ya karanta, har masu sarauta da yawa sun karanta suna jin daɗi. Ga kuma Amurka a gabansu, ƙasar da ta rubuta tsarin mulkinta da hannunta, da kuɗin Faransa. Saboda haka da aka zo gardamar ƙuri'a, kalmomin a shirye suke: al'umma, 'yanci, daidaito a gaban doka. Wani malamin coci, Sieyès, ya fitar da ɗan littafi a Janairun 1789 yana tambaya mene ne gida na uku, ya amsa cewa shi ne komai, amma a tsarin mulki an mai da shi ba komai ba. Maganar ta shiga zukatan mutanen da ke da ilimi da kuɗi amma aka rufe musu ƙofa. Tun 1781 aka yi doka cewa mai son shiga soja kai tsaye a matsayin hafsa sai ya nuna kakanninsa huɗu a jere masu sarauta ne. Ka yi tunanin yadda ɗan attajiri mai hazaƙa zai ji.

Sarki ya ninka yawan wakilan gida na uku a Disamban 1788, amma ya ƙi faɗin ko za a ƙirga ƙuri'a da kai ne ko da gida. Ya bar wutar tana ci.

Sai kuma Allah ya kawo nasa. Ranar 13 ga Yuli 1788 ƙanƙara ta sauka a yankuna masu noman alkama na arewacin ƙasar, ta kwantar da shuka ana dab da girbi. Hunturun da ya biyo ya yi tsananin da kogin Seine ya daskare, injinan niƙa masu aiki da ruwa suka tsaya, jiragen da ke kawo hatsi suka maƙale. Masaƙu kuwa tun yarjejeniyar ciniki da Ingila ta 1786 suke kuka, yadin Ingila mai arha ya cika kasuwa, ma'aikata da yawa suna zaune. Burodin da ake saye sou tara, wato ƙananan kuɗinsu, a Paris ya kai goma sha huɗu da rabi a Fabrairun 1789, alhali lebura yana samun ashirin zuwa talatin a ranar da ya samu aiki, kuma gida mai 'ya'ya ba ya ƙoshi da guda ɗaya.

Abin da ya bambanta wannan yunwa da ta 1709 shi ne, a daidai lokacin da cikin mutane ke kuka, sarki ya aika kowane ƙauye da kowace ƙungiyar sana'a cewa su taru su zaɓi wakilai, su kuma rubuta koke-kokensu a kawo masa. Aka taru a harabar coci-coci, aka rubuta takardu dubun dubata. Tantabaru, gishiri, injin niƙa, aikin hanya, duk aka zayyana. Kusan babu wanda ya ce a cire sarki, yabonsa ma suke yi. Amma mutumin da tun kakanninsa yake ɗaukar wahalarsa a matsayin ƙaddara, yau an ce ya lissafa ta, ya faɗi wanda ke jawo ta, an kuma sa masa rai cewa za a gyara. Wannan bai taɓa faruwa a yunwar baya ba. Ga amsar tambayarka ta biyu.

Sauran labarin ka san shi, ba sai na ja ba. Majalisa ta buɗe a Versailles ranar 5 ga Mayu 1789, aka shafe mako shida ana jayayya kan ƙuri'a. Ƙananan limaman coci, waɗanda talaucinsu bai fi na mabiyansu da yawa ba, suka fara sulalewa zuwa gida na uku. Ranar 17 ga Yuni wakilan gida na uku suka ce su ne Majalisar Ƙasa, ranar 20 suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta tsarin mulki. Sarki ya yi barazana, ya janye, sannan ya fara tara sojoji a kewayen Paris, ya kori Necker ranar 11 ga Yuli. Birni ya tashi. Suka fara da ƙona shingayen 'yan kwangilar haraji, suka kwashi bindigogi, ranar 14 suka nufi Bastille neman albarushi. Fursuna bakwai kacal suka tarar. Abin da ya yanke hukunci shi ne sojojin da ke tsaron Paris, waɗanda su ma a kasuwa ɗaya suke sayen burodi, sun juya sun kawo igwa sun tsaya tare da jama'a. A ƙauyuka manoma suka shiga gidajen iyayengiji suna neman takardun da aka rubuta abin da ake bin su, suna cinna musu wuta. Daren 4 ga Agusta majalisa ta soke gatan.

Za ka tambaya, shi sarkin fa? Ni ina jin tausayinsa, kuma ban ɗauke masa laifi ba. Ba mugu ba ne, mutum ne mai ibada da son iyalinsa, kuma babban ɗansa ya rasu ranar 4 ga Yuni 1789, a tsakiyar rikicin nan, yana ɗan shekara bakwai. Amma duk ministan da ya kawo masa gyara, yakan goya masa baya har sai manya sun yi ƙara, sannan ya sake shi. Ministan kuɗinsa Turgot ya soke aikin dole na hanya a 1776, ya ce masu ƙasa su biya kuɗin gyaran. Kotu ta yi ca, fadawa suka yi ca, cikin 'yan watanni aka sallame shi, aikin dole ya dawo. Da sarki ya tsaya masa a lokacin, da wataƙila ba a kai ga ranar 21 ga Janairu 1793 ba, ranar da aka fille masa kai. Ita kuwa sarauniya, maganar da ake jingina mata cewa in babu burodi a ci kek, babu wata hujja cewa ta faɗa. Haka badaƙalar sarƙar lu'ulu'u ta 1785, 'yan damfara ne suka yi amfani da sunanta, ba ta da hannu. Amma jama'a sun gaskata, kuma yadda suka yi saurin gaskatawa ya nuna maka inda martabar fada ta riga ta kai.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe, tunda daga Nijar kake rubuta wannan jarrabawa. Takardar haƙƙin ɗan Adam da suka amince da ita ranar 26 ga Agusta 1789 ta ce an haifi mutane 'yantattu kuma daidai a haƙƙi. Ina girmama wannan magana da zuciya ɗaya. Amma a ranar da aka karanta ta, akwai kusan bayi rabin miliyan, 'yan Afirka da 'ya'yansu, suna noman rake a Saint-Domingue, yankin da Faransa ke mulka a tsibiran Karibiyan, kuma arzikin tashoshin Nantes da Bordeaux daga guminsu yake. Majalisa ba ta 'yanta su ba. Su suka tashi da kansu a Agustan 1791. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, su kuma suka ci gaba da yaƙi har suka kafa ƙasar Haiti a 1804. Aikin dole na gyaran hanya da manomin Faransa ya yi kuka da shi, jikokinsa sun zo sun ɗora wa mutanenmu shi a Damagaram da Maraɗi da Tawa, tare da lanho, kuma ba a soke shi a ƙasashen da suke mulka ba sai a watan Afrilun 1946. In ka samu sarari bayan jarrabawa, ka zauna da tsofaffin unguwarku ka tambaye su abin da iyayensu suka ba su labari a kan wannan aiki, ka rubuta, ka aiko mini ta gidan rediyon.

Allah ya ba ka sa'a, ya yi maka albarka. Ka gaishe mini da malaman nan naka biyu.

Wassalam,
Malaminka na tarihi